Gam a Hannun Usta Adamu

Ran nan ɗayanku ya shigo mini da baƙar rigar roba a cikin leda, wai a wani kanti ya sayo ta a Aziziyya, zai je bakin tekun Abhur ya yi nutso da abokansa. Wani kuma ya miƙo mini waya in kalli Turawa suna hawan igiyar ruwa a kan ɗan katako, kowa sanye da irinta. Da na juya rigar na duba haɗinta na ce ni ma na yi wannan aikin, sai kuka kwashe da dariya, har aka samu mai cewa ai ba wani abu ba ne, roba ce a yanka a manna. To, jikokina, ku gyara zama. Ba zan hana ku shiga teku ba, don ni ma da ƙafafuna za su yarda da na bi ku. Amma wannan a yanka a manna da kuke rainawa shi ya cinye hannun mutumin da ya koya mini aikin, a gaban idona, kuma gara ku ji yadda aka yi tun ina da bakin faɗa.

Ni asalina tela ne. A nan Jidda aka haife ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya yi hajjinsa, komawa ta gagara. Na buɗe ɗan shagona a Hindawiyya, ba nisa da tashar jiragen ruwa wadda muke ce wa mina, ina ɗinka jallabiya, idan an kawo tamfol ko rumfar jirgi ita ma ba na mayarwa. Bango ɗaya ya raba ni da Usta Adamu, Bahaushen Sudan, mai facin taya. Usta kuwa a nan gwanin sana'a ake ce wa haka. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Dogo ne, ba ya son hayaniya, tafin hannunsa faffaɗa kamar faifai. Abu biyu ne ba a wasa da shi a kansu, faci da salla. Taya in ta bar hannunsa sai dai ta fashe a wani wurin, ba inda ya taɓa ba. Ladan kuwa kafin ya rufe baki Usta ya ɗauki buta.

Aikin farko wani ɗan Girka ne ya kawo shi, tun kafin kuɗin mai su yi ambaliya a garin nan. Mai nutso ne, irin waɗanda ke shiga ƙarƙashin jirgi su kankare tsatsa su yi walda, a nan ghawwas ake ce musu. Ya shimfiɗa mini rigarsa a tebur, ta yage daga gwiwa har cinya. Ni kuma da ɗokin tela ban yi wata-wata ba na cusa ta ƙarƙashin keke. Allura ta bi ta huhhuda robar, ina ɗagowa ta ƙara yagewa ta bin layin ɗinkin. Mutumin nan ya kama kai yana zuba yarensu. Hayaniyar ce ta fito da Usta. Ya ɗauki rigar, ya ja ta, ya sansana, ya ce, "Sale, wannan ba yadi ba ne, 'yar'uwar tub ɗin taya ce. Ba ni nan."

Ya sa reza ya gyara bakin yagar, ya shafa gam, wanda mutanen Najeriya ke ce wa sholisho, ya zauna ya naɗe hannu kamar ba shi da aiki. Can ya ƙara shafawa, ya ƙara jira. Sannan ya haɗa baki da baki, yana bi yana matsewa da yatsu. Washegari ɗan Girka ya dawo, ya taka gefe ɗaya da ƙafa ya ja ɗayan iya ƙarfinsa, haɗin ko gezau. Ba a daɗe ba ya kawo abokansa, daga baya ya zo mana da robar kanta a naɗe kamar tabarma, ya ce tunda ga tela ga mai gam, me ya hana mu yi sabuwa? Haka muka fasa bangon da ke tsakaninmu. Ni awo da yanka, Usta gam da haɗi.

Na san za ku ce me ake yi da rigar ɗumi a Jidda, garin da ruwan randa ma da zafinsa yake fitowa. Wanda bai taɓa wuni a ƙarƙashin jirgi ba ne zai faɗi haka. Ruwa komai ɗuminsa, in ka daɗe a ciki sai ya zuƙe maka zafin jiki, ballantana a watannin sanyi in iskar arewa ta taso. Ga kuma ƙananan katantanwa masu kaifi da ke mannewa a jikin jirgi, suna yanka mutum bai ji ba sai ya fito ya ga jini. Rigar ba hana ruwa shiga take yi ba. Tana barin kaɗan ya shiga, jiki ya ɗumama shi, ta riƙe shi a nan. Shi ya sa in ta yi yawa a jiki aikin banza ne, sabon ruwa mai sanyi zai yi ta zirga-zirga. In ta matse kuma mutum ba zai iya cika ƙirjinsa ba. Tela ya saba barin sarari, a nan kuwa sai na koyi yanka riga ƙasa da jikin mai ita, ba tare da ta shaƙe shi ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tef na awo, alli, reza da ake sakewa kullum, almakashi babba, ɗan buroshi, gudumar katako, da garin hoda da ake barbaɗa wa rigar ta ciki, don robar wancan lokacin ba ta da shafi, in babu hoda sai ta tuge wa mutum gashin jiki. Sai gwangwanin gam, sai galan ɗin tinar, ruwan nan mai kama da fetur da ake tsinka gam da shi in ya yi kauri. Yanka dole ya tafi a miƙe, bakin robar ya tsaya kamar an sare sabulu. In reza ta karkata ko kaɗan, baki biyu ba za su sadu ba, kuma Usta zai turo mini abina in sake.

Da na ce ya koya mini haɗi, ban san abin da na jawo wa kaina ba. Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, amma haka ya zaunar da ni da tarkacen roba kamar sabon shiga. In haɗa in miƙa masa, ya ja ya ɓare ya ce, "Ka yi gaggawa." In sake, ya ɓare ya ce, "Ka makara." Wata rana haushi ya kama ni na ce to ya faɗa mini minti nawa ake jira in huta. Ya yi murmushi ya ce, "Ya sheikh, gam ba ya duba agogo. Ranar da iska ta jiƙe daban, ranar da ta bushe daban. Kawo yatsanka." Ya kama bayan yatsana ya ɗora a kan gam ɗin. In ya biyo yatsa da zare, bai yi ba. In bai kama ba sam, ya wuce. Akwai ɗan tsakani da zai riƙe fata kaɗan ya sake ta, to a nan ake haɗawa. Duk sana'ar a wannan ɗan jin take, kuma babu wanda na sani da ke jinsa kamar Usta.

Wari kuwa ba a magana. Kuma da hannunmu muke rufe ƙofa a duk lokacin shafa gam, don ƙwayar yashi ɗaya in ta sauka a bakin haɗi ta nan ruwa zai samu hanya. Sai ka ji kanka ya yi sakayau, kana dariyar abin da ba na dariya ba, da yamma kuma ciwon kai ya sauko. Maganinmu madara. Kowane mai aikin fenti da walda a mina ya yarda madara tana wanke hayaƙi daga ƙirji, mu ma muka yarda. Kowa ya sha gwangwaninsa da safe ya ce ya yi rigakafi.

Tarkacen da ya rage bayan yanka ba ya ruɓewa, akuya ma ba ta cin sa. Sai mu tara shi a bayan shago mu cinna masa wuta. Baƙin hayaƙi ya tashi, matan unguwa su fito suna kwashe shanya suna yi mana Allah ya isa. Sauran gam da dattin tinar kuwa a kwata muke tuttulawa, kwatar da ke gangarawa wata 'yar fadamar gishiri kafin ta kai teku. Da can wurin cike yake da ƙaguwa, in ka taka sai ka ga ƙasa tana motsi. A hankali suka ɓace daga bakin kwatar, ƙasar ta yi baƙi tana ƙyalli. Ba mu kaɗai muke zubawa ba, amma namu yana ciki. Har yau ina tunanin waɗanda ke dafa robar nan a can ƙasashen da ake yin ta. Mu da ta zo mana a huce muka ga abin da muka gani, ina ga mai zaune a gindin tukunyar, da wanda gidansa ke bayan masana'antar? Ban san sunan ko mutum ɗaya a cikinsu ba, amma na san suna nan.

Yanzu ga inda maganar take. Gam an yi shi ne don ya hana ruwa wucewa, kuma a hannu ma aikin da yake yi ke nan. Mai haɗi yana wuni yana matse baki da baki da yatsu, kafin azahar hannunsa ya yi sulke har wuyan hannu. Ku kuma kun san alwala ba ta yi sai ruwa ya taɓa fata. Sabulu ba ya fitar da shi, toka ba ta fitar da shi, abu ɗaya ne ke narkar da shi nan take, tinar. Saboda haka a ƙofar shagonmu akwai ɗan daro na tinar a gefen buta, kullum tare suke. In an kira salla sai a fara da daro, sannan a koma buta.

Ni da yake yawancin aikina yanka ne, 'yan yatsu kawai nake gogewa. Usta kuwa tsoma hannu yake yi gaba ɗaya. Ya naɗe hannun riga, ya cuɗa har gwiwar hannu, ya bi tsakanin yatsu, ya sa tsinke ya sakace ƙarƙashin farce, ya ɗaga hannun a rana ya duba. In ya ga ɗigo ɗaya, ya koma daro. Azahar haka, la'asar haka, magariba haka, in aiki ya kai mu isha ita ma haka. Hannun ya fito fari fat, a bushe, da sanyi kamar an sa ƙanƙara. Shi kuma wannan sanyin yake so, yana cewa alamar ya fita ke nan. Mutane suna yaba masa a masallaci, ni ma ina cikin masu yabon. Babu wanda ya ga abin tambaya a ciki, don kowa ya san hukuncin tun yana yaro.

A sauran sana'o'i mummunar shekara ita ce wadda aiki ya ɗauke. Tamu kuwa ita ce wadda aiki ya yi yawa. A tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da jirage suka yi cunkoso a bakin mina, in ka tsaya a gaɓa ba ka ganin ƙarshensu. Ana faɗaɗa tasha, ana kafa ginshiƙai a cikin ruwa, masu nutso suka cika gari daga ko'ina. Wani kamfani ya ɗauke mu gaba ɗaya, ya zama kafilin Usta, wato mai tsaya masa, takardar zamansa a ƙasa da ta iyalinsa suka koma hannunsu. Suka ba mu ɗaki a cikin wani sito a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni ta nan Jidda, babu taga, amma da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ranar da muka shiga Usta ya tsaya a gabanta ya buɗe hannuwa ya ce, "Alhamdulillahi, babu ƙura, babu gumi." Ni ma haka na ce. Ba mu lura ba cewa iskar da ke ciki ita ce ke ta zagayawa tun safe har yamma, har da warin daron da muka shigo da shi ciki don kada zafi ya shanye tinar ɗin.

Takalmi ne ya fara nunawa. Muna tafiya masallaci sai silifa ɗaya ta zame daga ƙafar Usta, ya ci gaba da tafiya a kan kwalta mai zafi bai sani ba. Na ɗauko na bi shi ina tsokanarsa, na ce tsufa ya zo. Ya yi dariya. Bayan haka kofin shayi ya fara suɓuce masa. Fatar yatsunsa ta tsattsage, amma bai ce tana zafi ba, ni kuwa na ɗauka jarumta ce.

Wata Juma'a na je gaishe shi a gida, matarsa Hajiya Zainabu ta tare ni a zaure tun kafin in yi sallama ta biyu. Mace ce mai faɗin abin da ke ranta. Ta ce, "Sale, fisabilillahi me kuke yi wa mutumin nan a shughul ɗin naku, wannan aikin robar? Maɓallin rigarsa ni nake sa masa. Carbi yana hannunsa ya faɗi bai sani ba. Jiya ya ɗauki murfin tukunya daga kan wuta, sai ƙauri na ji, shi bai ji komai ba."

Na ce, "Hajiya, ai yana shan madara."

Ta ce, "Madarar gidanku. Ka dube shi da kyau, kai ne kake wuni da shi."

Maganarta ta tsaya mini a rai, tsoro ya kama ni. Ran Asabar na zo masa da safar hannu ta roba. Ya sa, ya taɓa gam, ya cire ya ajiye. Ya ce, "Da wannan zan ji shi? Kamar ka ce in ɗanɗana miya da murfi a baki." Na ce to ya shafa man zaitun kafin ya fara, gam ba zai kama fata ba, in an kira salla sai ya ɓare shi kawai. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Mai a bakin haɗi? Mutum yana can ƙasan ruwa ya dogara da ɗinkina, ni kuma in shafa mai don in ji daɗi? Shi ke nan, Sale, bar maganar." Kuma gaskiyarsa, ɗan maiƙo kaɗan ya isa ya kashe haɗi. Na ce to ya rage cuɗawar nan a daro. A nan ne ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, "In rage me? In tsaya gaban Ubangiji da alwalar da ban tabbatar ba?"

Rigar Bakur ce ta fasa ƙwan. Bakur ɗan unguwarmu ne, haifaffen Jidda kamar ni, magidanci mai 'ya'ya, ya fara da kwale-kwalen kamun kifi ya koma nutso. Usta da kansa ya haɗa masa sabuwar riga a farkon sanyi. Ba ta yi wasu kwanaki ba sai ga shi ya shigo da ita a kafaɗa, leɓɓansa sun yi fari, gefen haƙarƙarinsa duk yanka. Haɗin ya buɗe daga hammata har ƙugu yana tsakiyar aiki a ƙarƙashin jirgi, ruwan sanyi ya kwararo masa, da ƙyar ya iya riƙe igiya aka jawo shi. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye rigar ya ce, "Ya ammi, baffana, wallahi ban zo ƙara ba. Na dai ce ka gani, don ban taɓa jin ɗinkinka ya buɗe ba."

Usta ya ja rigar gabansa. Na leƙa, na ga bakin robar sumul, gam ɗin bai ko ciji ɗan'uwansa ba, an haɗa shi bayan ya wuce. Kuskuren da ya yi ta ɓare mini ina koyo ke nan. Bayan Bakur ya fita, Usta ya ɗauki guntun roba, ya shafa gam, ya jira, ya ɗora bayan yatsansa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Sale, taɓa ka gaya mini."

Na taɓa na ce, "Ya yi, Usta."

Ya ce, "Ni ban ji ba. Tun kafin azumi ba na ji. Da karatu nake auna shi, in shafa in karanta sura, in ta ƙare in haɗa. A tsohon shago da ta yi daidai. A ɗakin nan mukayyif yana busar da shi kafin in kai ƙarshe."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Na ɗauka zai dawo."

Ya rufe gwangwanin, ya goge buroshi ya ajiye a inda yake ajiye shi. Bai sake ɗauka ba.

A asibiti wani likita Bamisire ya sa shi ya rufe ido, ya riƙa soka masa allura daga kan yatsa yana hawa. Sai da ya wuce wuyan hannu sannan Usta ya ce ya ji. A ƙafa ma haka. Likitan ya tambayi sana'arsa, muka faɗa, ya gyaɗa kai ya ce ya ga irin haka wurin masu haɗa takalma. Sannan ya tambaya da me yake wanke gam ɗin. Usta ya ce da tinar. Ya ce sau nawa a mako? Usta ya ce, "A mako? Duk salla, ya daktor." Likitan ya ajiye alƙalami. Ya ce abin yana shiga ta numfashi, yana shiga ta fata, yana cin jijiyoyin da ke kai saƙo daga hannu zuwa kai, kuma madara ba ruwanta da wannan. Ya ce ya bar aikin daga ranar, ciwon zai ƙara tsanani kafin ya tsaya, abin da zai dawo kuma Allah ne masani.

Ƙafafun sun ɗan dawo daga baya, har yana zuwa masallaci da sanda. Hannun bai dawo ba har ya koma ga Allah. Ni na ci gaba da aikin a wani shago mai ƙofa biyu a buɗe, na gwammace in yi faɗa da yashi, har rigunan kanti suka shigo suka kashe kasuwar. Yatsun nan nawa uku da kuke gani ba na riƙe allura da su, rabona ke nan daga ciki, kuma na san na samu da sauƙi.

A makon da muka dawo daga asibiti ne Usta ya ce in raka shi wurin Malam Idi, limamin wani ɗan masallaci a unguwar Sabil, dattijo masani da shi kansa Usta yake jin maganarsa. Ba don gam ya je ba, wannan ya riga ya wuce. Damuwarsa ita ce yanzu ba ya jin ruwa a hannunsa, to alwalarsa ta yi ko ba ta yi ba? Malam ya ce ta yi, ruwa ya taɓa fata ake nema, ba sai an ji shi ba. Sannan ya tambayi yadda abin ya faro, na ba shi labarin daro da buta. Malam ya yi salati. Ya ce, "Adamu, wa ya ce maka haka? A kankare abin da zai kankaru da ruwa da sabulu da ɗan dutse, ɗan abin da ya gagara kuwa malamai sun yi wa mai sana'a sassauci a kansa. Kuma ko babu wannan, ba a ce ka cutar da jikinka don tsarki ba. Duk shekarun nan kana wucewa ta ƙofar nan, me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Usta ya ce, "Allah gafarta Malam, ban san tambaya ba ce. Na ɗauka na sani."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji a wannan zaman ba, kuma na ji haushin kaina da na unguwa gaba ɗaya, mu da muka yi ta yaba masa. Muna nan zaune aka kira la'asar.

Muka fito wurin famfon masallaci. Usta ya tsuguna, ya kai hannu zai murɗa kan famfo, yatsun suka zame. Ya sake, suka sake zamewa. Na matso na murɗa masa, na naɗe masa hannun riga, na kama hannun damansa na sa a ƙarƙashin ruwan. Tsagar da ke yatsunsa ta fara haɗewa, babu ɗigon gam ko ɗaya. Na wanke masa shi, na bi tsakanin yatsu yadda na san yana so, na koma na hagu. Shi kuwa ya zuba wa hannun ido, don da ido kaɗai zai san ruwan ya kai.

Da na gama ya ɗaga su a rana ya juya ciki da baya. Ya ce, "Sun fita tas, Sale. Sai dai kamar na wani."

Aka ta da iƙama, na kama shi ya miƙe, muka shiga sahu.